Baba Sikeli da Tumatirin da Ya Miƙe Neman Rana

Kafin ƙarfe bakwai na safe, tun mai shara ba ta iso barandar azuzuwa da tsintsiyarta ba, Baba Sikeli ya riga ya jingine kekensa a jikin bangon ɗakin gwaje-gwaje na makarantarmu. Ba ya fara kunna fitila. Yakan tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi iskar ɗakin tukuna, ko wani ya bar bututun gas a buɗe jiya. Sai hancinsa ya ba shi izini sannan ya shiga ya buɗe tagogin nan huɗu da ke jere a bango guda. Daga nan ya bi famfuna yana murɗawa, ya ɗauraye kwalaben gwaji ya kife su a kan katakonsu, ya goge madubin ganin ƙananan halittu da wani farin ƙyalle da bai yarda a taɓa shi don wani aiki ba. Abu na ƙarshe shi ne sikeli. Yakan hure ƙurar farantinsa, ya daidaita allurar har ta zauna a kan sifiri, ya ja da baya ya ƙara dubawa. In ya gamsu sai ya yi bismillah, ya zauna ya jira ƙararrawa.

Shekara talatin da uku ke nan yana haka, kuma a ƙarshen watan nan zai yi ritaya. A takardun makaranta muƙaminsa shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Sunansa ba ya cikin jerin malamai, ba ya zama taronmu, ranar rabon kyaututtuka kuwa aikinsa jera kujeru ne. Na yi shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu a ɗakin da yake kula da shi, kuma ina ganin haƙƙi ne a kaina in faɗi abin da na gani, da abin da abokan aiki suka gani suka ba ni labari, tun yana da rai da lafiyar da zai ji da kunnensa.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa wannan suna tun kafin in zo, domin akwai kalmomi biyu da ba sa shiga ɗakinsa: "kaɗan" da "da yawa". Na taɓa ji wata ɗaliba ta ce masa, "Baba, na zuba gishiri kaɗan." Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Kaɗan ɗin wa? Naki ko na kakarki? Je ki ɗora shi a kan sikeli, ki dawo ki faɗa mini da lamba." Aji ya fashe da dariya, ita ma ta yi, amma ta je ta auna.

Darasin farko na kowace sabuwar shekara shi ne hanyar da masana kimiyya ke bi wajen bincike. Mu malamai mukan rubuta kalmomin a allo da harshen littafi, yara su kwafa su haddace, su zuba mana su a jarrabawa yadda muka ba su, ba tare da ko ɗaya ta taɓa zuciyarsu ba. Malamar lissafi ce ta fara ba ni labarin yadda Baba yake yi da su. Ta ce ta shiga ɗakin wata rana neman alli, ta tarar da 'yan aji ɗaya suna jiran malaminsu cikin zafi, fanka ta tsaya cik. Baba ya nuna sama ya tambaye su abin da suka gani. Suka ce fanka ba ta juyawa. Ya ce, "To wannan ita ce lura. Ba ku ce komai ba sai abin da idonku ya gani. Me kuke son sani?" Suka ce abin da ya tsayar da ita. Ya ce, "Ga tambaya ta samu." Wata ta ɗaga murya ta ce ai wuta aka ɗauke. Ya ce, "Kin gani da idonki, ko zato kike yi?" Ta ce zato ne. Ya ce, "Zaton da za a iya gwadawa, shi ake kira hasashe. Yaya za mu gwada?" Sai wani ya tashi ya danna makunnin fitila, sai ga haske. Baba ya tafa hannu ya ce, "Gwaji ya yi, sakamako ya fito, hasashe ya sha ƙasa. Akwai wuta. Wa ke da wani zaton?" Malamar ta ce ta manta da allin da ya kawo ta, ta tsaya har aka gano waya ce ta kwance a bayan makunnin fankar.

Haka yake yi da sauran kalmomin. Abin da mai gwaji yake canzawa da gangan, Baba yana kiransa "abin hannunka". Abin da ake aunawa don a ga ko canjin ya yi tasiri, "abin idonka". Sauran abubuwan da dole a riƙe su daidai kuwa, irin su ruwa da haske da zafi, yakan ce 'yan rakiya ne, ba a yarda ɗayansu ya sa baki ba. Sai kuma rukunin da ba a yi wa komai, wanda ake ajiyewa don a kwatanta sauran da shi. Wannan shi yake kira shaida, kuma yakan ce gwajin da ba shi da shaida hira ce kawai. Ɗalibanmu da yawa sun shiga jami'a da kalmomin littafi a baki, amma da na Baba suke tunani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A ajin ƙarshe akwai wata yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da kowa ke kira Auta, domin ita ce ƙarama a gidansu. Mahaifinta mai lambu ne a bakin rafi, yana da fangali ashirin, wato ƙananan filayen da ake keɓewa a yi musu ban-ruwa, kuma tumatirin da ke fita daga cikinsu shi ne abincin gidan da suturarsa na shekara. A shekarar takin zamani ya yi tsada, mutumin yana ta tunanin yadda zai yi. Da na ce kowane ɗalibi ya kawo tambayar da zai bincika, Auta ta kawo tata daga gida: shin tokar itace za ta iya maye gurbin takin zamani ga tumatir? Hasashenta shi ne za ta iya. Mahaifin ya yi mata alkawari cewa in gwajin ya nuna haka, to bana ba zai sayi taki ba, toka zai zuba wa lambun gaba ɗaya.

Ta tsara aikin yadda aka koya mata. Gwangwani goma sha biyar masu girma ɗaya, ƙasa daga tuli ɗaya, iri daga ƙunshi ɗaya. Biyar ta ba su taki, biyar toka, biyar shaida. Lokacin ya zo daidai da shirin jarrabawar gwaje-gwaje ta manyan azuzuwa, duk teburan ɗakin suna da aiki, saboda haka Baba ya jera mata gwangwanayen a kan wani dogon benci da ya taso daga gindin taga ya nufi cikin ɗaki. Mutum ne mai son tsari, sai ya jera su rukuni-rukuni: na taki a bakin taga, shaida a tsakiya, na toka a can ƙarshe kusa da babban kabad. Duk Litinin da Alhamis Auta tana zuwa da rula ta auna tsawon kowace shuka ta rubuta.

Bayan mako huɗu ta kawo mini littafinta fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Matsakaicin tsawon na toka santimita goma sha tara, na taki goma sha biyu. Na duba lissafin, babu kuskure. Na ba ta maki mafi girma, na sa ta karanta rahotonta a gaban aji, aka tafa mata. Ta koma gida ta faɗa wa mahaifinta, shi kuma ya je gidan burodin unguwarsu ya roƙi a riƙa tara masa toka.

Kwana biyu bayan haka, ina ofishin malamai bayan azahar, Baba ya yi sallama a bakin ƙofa. Ba ya shigowa ofishin nan sai da dalili. Littafin Auta ne a hannunsa.

"Malama, in kin sami sarari ina son ki duba mini wani abu."

Ya buɗe shafin da aka jera lambobin, ya ɗora yatsa a kan layin tsakiya, wanda ni da Auta da ajin duka muka tsallake saboda ɗokin kwatanta na farko da na ƙarshe. Shaida, santimita goma sha biyar.

"Wanda ba a ba komai ba ya fi wanda aka ba taki tsawo," in ji shi. "Ko dai masu yin taki sun daɗe suna yaudarar manoman duniya, ko kuwa mu ne muka yi kuskure a ɗakin nan. Ni na fi zargin mu."

Na bi shi muka je. Da ya sa na tsuguna na dubi bencin ta gefe, sai abin ya fito fili. Tsawon shukokin yana ƙaruwa ne daidai da nisansu daga taga. Na bakin taga gajeru ne masu kauri, ganyensu kore shar. Na kusa da kabad dogaye ne sirara, launinsu ya koɗe, duk sun karkata wuya wajen haske. Shukar da ba ta samun rana miƙewa take yi ta neme ta. Ni da kaina nake koyar da wannan a zango na biyu, amma ban haɗa shi da littafin da na sa wa hannu ba.

"Ni na jera su haka," Baba ya ce. "Na ga sun fara karkata tun mako na biyu, na ce zan juya su in jarrabawa ta wuce, na shagala. Laifina ne."

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa bakina shi ne kare kaina. Na ce, "Baba, na riga na ba ta maki, an karanta a gaban aji. Yarinyar nan za ta ji kunya."

Ya ce, "Maki naki ne, Malama, kina iya bar mata. Lambun ne ba namu ba."

Shi ya nemi a bar shi ya faɗa mata da bakinsa, ina tsaye. Auta ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Haba Baba! Da hannuna fa na auna. Ko sau ɗaya ban yi fashi ba."

"Awonki daidai ne, 'yata. Jerin da na yi ne ba daidai ba. Kin canza abu ɗaya, abincin shuka. Ni kuma na canza miki na biyu ba ki sani ba, hasken rana. Yanzu in sun bambanta, wa zai ce wanne ne ya jawo?"

"To ai na riga na faɗa wa Abba. Har maƙwabta sun ji. Yayyena tun jiya Farfesa suke kirana. Wallahi in suka ji wannan, na shiga uku da tsiya."

"Tsiyar yayye mako guda take yi ta wuce," in ji shi. "Ki ce wa mahaifinki ina roƙonsa ya biyo ta nan gobe in ya taso daga kasuwa."

Washegari mai lambu ya zo, dogon mutum mai taɓon laka a ƙafar wando. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙoƙarin cire takalmi.

"Shigo da abinka, Malam," Baba ya ce. "Ba masallaci ba ne, kwalabe ne kawai."

Tun da safe Baba ya juya gwangwanayen, takardun da ke nuna abin da aka ba kowanne suka fuskanci bango, ya kuma cakuɗa jerin. Bai yi wa baƙon wani bayani ba. Cewa ya yi, "Kai ne mai sana'ar. In aka ce ka zaɓi biyar ka dasa a lambunka, waɗanne za ka ɗauka?"

Mutumin bai yi minti ɗaya ba ya ware gajerun nan biyar masu kauri. Sannan ya sa yatsa ya taɓa ɗaya daga cikin dogayen, ta yi lilo.

"Wannan fa ai wahala ce ta miƙar da ita. Rana take nema. Dubi wuyanta kamar zaren ɗinki, iska ɗaya za ta kwantar da ita."

Baba ya juyo da gwangwanin. A jikin takardar an rubuta toka, da rubutun Auta. Mai lambu ya dubi takardar, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Auta, ba ke kika ce mini na toka ya fi girma ba?"

"Ya fi tsawo, Abba."

"Tsawo! Kawunki ya fi kowa tsawo a gidanmu, kin taɓa ganin ya ɗaga buhu?"

Dariya ta kuɓuce wa Baba, ni ma na kasa riƙe tawa. Auta tana share ido tana murmushin dole. Mahaifin ya kaɗa kai ya ce shi ke nan, toka ba ta da amfani, ya gode da aka faɗa masa tun da wuri. Ya juya zai fita, Baba ya tare shi.

"A'a, Malam, ba mu kai nan ba. Gwajin nan bai ce toka tana yi ba, bai ce ba ta yi ba. Mun ɓata shi, bakinsa ya rufe. Yarinyar nan tambaya mai kyau ta yi, ba a amsa mata ba tukuna. Yaushe za ka dasa?"

"Nan da mako biyar. Ranar kuwa dole in san abin da zan zuba."

"To, ka ba mu mako huɗu."

Waɗannan makonni huɗu su ne darasin tsara gwaji mafi kyau da na taɓa halarta, kuma ba ni na koyar da shi ba. Baba ya ce biyar-biyar sun yi kaɗan, domin shuka ɗaya mai ƙarfin hali ko mai rauni tana iya jan lissafin duka, saboda haka aka nemo gwangwani talatin, goma ga kowane rukuni. Aka tankaɗe ƙasar da rariya, aka juya ta sau uku kafin a raba. Aka fitar da aikin fili a bayan ɗakin, inda rana ke dukan ko'ina daidai, Baba ya kewaye wurin da ragar waya saboda awaki. Game da wurin zaman kowane gwangwani kuwa, ya ce shi hannunsa ba zai sake jera komai ba. Auta ta rubuta lamba ɗaya zuwa talatin a guntayen takarda, aka zuba a hular Baba, aka kira mai shara ta riƙa zarowa.

"Ni me na sani a kimiyya?" in ji mai sharar.

"Shi ya sa muka kira ki, Iya. Ba ki da ɗan gida a cikinsu."

Da ƙuri'ar ne aka raba wa gwangwanaye abincinsu da mazauninsu. Baba ya zuba taki da toka da awon sikeli, ya damƙa mini takardar da ke nuna wace lamba ce ta sami me, ya ce in kulle ta a aljihun teburina. Auta za ta yi awo ba tare da ta san wanne ne na toka ba. Ta ɓata fuska ta ce, "Baba, wato ba ka yarda da ni ba."

"Na yarda da ke. Idonki ne ban yarda da shi ba, nawa ma haka. Idon da ke son abu yakan ƙara wa rula rabin santimita, mai shi bai sani ba."

Abin da za a auna ma ya canza, kuma daga bakin mai lambu aka ɗauko shi. Baba ya tambaye shi da me yake gane dashe mai lafiya, ya ce kaurin kara, yawan ganye, da saiwa. Sai Auta ta riƙa ƙirga ganye, tana naɗa zare a jikin kara ta miƙe shi a kan rula, aka kuma yanke shawarar cewa ranar ƙarshe za a tuge kowace shuka a wanke saiwarta a ɗora ta a sikeli. Ruwa kuwa cikin gwangwanin madara ɗaya ga kowace, kullum da safe. Maigadi ya shaida mini cewa a ranakun da babu makaranta ma Baba yana zuwa, ya shayar da talatin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya koma gida. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya rubuta masa shi a matsayin aiki.

A rana ta ashirin da takwas aka tuge su. Auta ta auna, ta rubuta nauyin kowace lamba, sai da ta gama sannan na buɗe aljihun tebur na kawo takardar. Ta raba lambobin gida uku ta fitar da matsakaici. Na taki giram goma sha ɗaya. Na toka shida. Shaida biyar.

Ta sake bin shafin da yatsa. Can ta ɗago da sauri ta ce, "Baba, duba lamba goma sha bakwai! Ta toka ce, giram goma!"

"Na gan ta, Allah Ya yi mata albarka. 'Yan'uwanta tara fa?"

Nan ta kifa kai a kan benci ta yi kuka sosai. Baba bai hana ta ba. Ya je ya wanke farantin sikeli, ya goge ƙasar da ta zube, sai da ta tsagaita ya ajiye biro a gabanta ya ce ta rubuta.

"In rubuta me? In ce na faɗi?"

"Hasashe ne ya faɗi, ke kina nan zaune. Rubuta abin da gwangwanayen suka ce, kada ki ƙara musu, kada ki rage. Ki sa gwajin farko ma, da kuskuren da ke cikinsa, ki ce Baba ne ya jera. Sannan ki faɗi iyakar abin da kika sani: a gwangwani ne, a wannan ƙasar, cikin mako huɗu. Lambu kuma sai an tambaye shi da kansa."

Wannan jumla ta ƙarshe Auta ta ɗauka ta kai gida. Mahaifinta ya nemi taki ya zuba wa fangali goma sha shida. Sauran huɗun ta tsaya kai da fata sai an bar mata su, biyu toka, biyu shaida, kuma da ƙuri'a za a zaɓe su. Ta ba mu labarin yadda ya yi ta mita yana cewa yau ga shi 'yar cikinsa ta sa shi barin fangali biyu da yunwa da gangan, maƙwabta suna leƙowa suna tambayar ko lafiya. Amma ya bari. Da aka gama tsinka, kowane fangali na taki ya ba da kwando shida ko kusa da haka, na toka uku da ɗan ɗori, shaida uku. Da lambun duka toka aka zuba masa, da kusan rabin abin da gidan nan ya dogara da shi a shekarar bai shigo ba. Alhamdulillahi da Allah Ya sa a ɗakin akwai mai duba layin tsakiya.

Mai lambu ya dawo makaranta da kwando cike da tumatir a bayan babur. Baba ya ɗebi 'yan ƙwayoyi a hularsa, ya ce a raba sauran wa mai shara da maigadi da masu dafa abinci. Mutumin bai tafi ba, ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Malam, akwai wata magana. Mu a bakin rafi an daɗe ana gardama, wasu sun ce ban-ruwan safe ya fi, wasu sun ce na yamma. Fangali nawa zan ware?"

"Lokacin ruwan kaɗai za ka canza?"

"Shi kaɗai. Na ji jiki, ba na ƙara haɗa biyu."

Baba, kai ne ka ga kuskuren da babu wanda ya gani, kuma da ka yi shiru har abada babu mai cewa naka ne. Kai ne ka ɗauko shi da hannunka ka kawo ofishin da ba a ajiye maka kujera ba, ka fara da sunanka kafin na kowa. Ka koya wa yaranmu cewa lamba amana ce, domin a bayanta akwai gonar wani, ko maganin wani, ko ruwan da wani zai sha. Ka koya mini, ni mai takardar shaidar koyarwa, in riƙa tambayar sakamakon da ya faranta mini rai fiye da wanda ya ɓata mini. Mai gaskiyar awo, ba ka taɓa ɗaga murya a ɗakin nan ba, amma ɗalibai dubbai sun fita daga cikinsa suna jin nauyin su ce "an tabbatar" alhali ba a gwada ba. Auta yanzu tana aiki a wata cibiya da ke gwada iri kafin a raba wa manoma, kuma ta ce mini har yau ba ta fara karanta sakamako sai ta duba shaida.

Ina kira ga 'yan'uwana malamai, musamman masu tasowa, da mu sauko da kalmomin kimiyya daga allo mu sa su a hannun yara, da fanka da gwangwani da zare, da abin da iyayensu ke fama da shi a gida. Mu bar su su yi hasashe ya faɗi a gabanmu ba tare da mun kunyata su ba, in kuma kuskuren namu ne mu riga su faɗa. Ina kuma kira ga shugabannin makarantu su waiwayi masu wanke kwalabe da masu jera kayan aiki. A cikinsu akwai malaman da ba a rubuta ba, kuma bai kamata sai sun zo tafiya sannan a sani ba.

Makon jiya na bi ta bakin rafi don in gayyaci mai lambu walimar bankwana. Ya tsufa, 'ya'yansa ne ke yawancin aikin, amma har yanzu kowace shekara akwai fangalin da ake warewa, maƙwabtan da suka yi masa dariya ma wasunsu sun fara. Da na ce masa Baba zai bar aiki, ya ajiye fartanya ya ce, "Zai zauna a gida? Mutumin nan? Ki ce masa hutun mako biyu na ba shi. Akwai wata tsutsa da ta gagare mu, kowa da maganin da yake rantsuwa da shi, babu wanda ya gwada."

Na isar da saƙon. Baba ya yi dariya, ya ce in tambaya masa fangali nawa za a ba shi.

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya da ƙarfin ido, Ya sa abin da ka koyar ya yi nauyi a mizaninka.